Matar da Na Sa Hira da Tukunya

Makon jiya wasu 'yan mata biyu suka yi sallama a gidana da ke unguwar Takur a Dutse, kowacce da takardar gama kwaleji a cikin leda, wai in ɗauke su aikin reno kafin gwamnati ta fara ɗaukar ma'aikata. Ɗaya ta leƙa tsakar gida ta ga yara goma sha biyu a jere kan tabarmi suna barcin rana, sai ta taɓa 'yar'uwarta ta ce, "Ke, ashe aikin ma zama ne kawai." Ta ɗauka ban ji ba. Kunnen da ya shekara ashirin da wani abu yana rarrabe kukan yunwa da kukan rigima ta bayan bango, shi ne raɗa za ta wuce? Ban tanka mata ba, don ba na ɗaga murya in yara na barci. Amma maganar ta tsaya mini a rai, shi ya sa na zauna na rubuta wannan, su karanta, su da duk wadda ke ganin sana'ar nan hutu ce.

Sunana Kulu, amma kowa Gwaggo yake ce mini, har waɗanda suka girme ni. Wankin fo, abin da yara ke bayan gida a ciki, shi ne aikina na farko. Wadda ta koya mini sana'a, Hajiya Dije, Allah ya jiƙanta, ta buɗe gidan renonta a Yalwawa lokacin da ma'aikata suka yi ta tahowa Dutse daga Kano, mata suna zuwa ofis, ga yara ƙanana, ga kakanni an baro su a nesa. Ranar da na fara ta miƙo mini soso da sabulu da buta, ta nuna mini fo guda takwas a jikin bango. Wata biyu cur ban goyi ɗan kowa ba. Na taɓa yin ƙorafi, sai ta ce, "Kulu, kina zubarwa ne ko kina dubawa?" Ashe akwai karatu a ciki. A nan ake gane wanda bai sha ruwa sosai ba, da wanda ya ɗirki ɗanyen dabino a gida, da wanda tsutsar ciki ta fara damu. Sai da na iya duba fo in faɗi mai shi ba tare da an gaya mini ba, sannan ta ɗora mini goyo.

Kayan aikinmu ba su da yawa, kuma babu na alfahari a ciki. Tabarma, da zanen goyo, da kofunan roba kowanne da launinsa don kada a yi faɗa, da baho, da leda ta shimfiɗa saboda masu fitsarin kwance. Abin wasa kuwa, na gwada na kanti, kwana biyu suke yi a karya su a yi kuka. Abin da ya fi daɗewa a hannuna shi ne gwangwanin madara da tsakuwa a ciki an liƙe bakinsa, da murafen tukwane, da ludayi, da yashi mai laushi a tsohon kwano. Ɗan shekara biyu zai yi rabin awa yana zuba yashi daga ƙoƙo zuwa ƙoƙo, fuskarsa a ɗaure kamar mai awo a kasuwa, kuma wallahi aiki yake yi. Amma Hajiya Dije takan ce duk waɗannan tarkace ne, babban kayan aikin mai reno bakinta ne. Ita ba ta taɓa wanke yaro a shiru ba. "Ga ruwa, da sanyi ko? Kawo hannu. Wannan hannun wa? Ina ɗayan ya tafi?" Haka take yini. Ina yarinya na ɗauka surutun tsufa ne.

Iyaye su ne masu sayen aikinmu, kuma sun fi 'ya'yansu wuyar sha'ani. Akwai uban da zai tsaya a zaure da yamma ya ce, "Gwaggo, me ta koya yau? Ban ga ta fara rubutu ba." Yarinyar da ko cokali ba ta gama iya riƙewa ba! Sai in ce, "Alhaji, yau ta cire takalminta da kanta, ta jira aka gama zuba wa na gabanta, kuma ta ciji mutum ɗaya kacal. Jiya uku ta ciza." Akwai kuma uwar da za ta ajiye yaro ta lallaɓa ta gudu don kada ya yi kuka. Wannan na hana a gidana. Ki tsuguna ki ce masa kin tafi aiki, za ki dawo bayan la'asar, ya yi kukansa na minti biyar mu rarrashe shi. Wanda aka gudar wa ba ya yin wasa ranar, ƙofa yake gadi har yamma.

Shekarar ƙyanda ita ce shekarata mafi muni, bayan na buɗe nawa gidan a nan Takur. Wata Litinin aka kawo mini yarinya da jan ido da ɗan zazzaɓi, na ce mura ce, na karɓe ta. Kafin mako biyu yara biyar sun kwanta. Allah ya taƙaita, babu wanda ya rasu, amma iyaye suka kwashe 'ya'yansu, kuma ban ga laifinsu ba. Wata huɗu ina suyar awara a ƙofar gida, ina jin tsakar gidana shiru kamar an yi tafiya. Tun daga lokacin yaro ba ya shigo mini sai na ga katin rigakafinsa, kuma kowace safiya sai na ɗora bayan hannuna a goshin kowa. Da na sake buɗewa yara huɗu kawai na samu. Ƙarancinsu ne ya ba ni sararin lura da na huɗun, wanda saboda shi nake wannan dogon bayani.

Wata safiya wata matashiya mai suna Rashida, 'yar Taura, ta shigo da yaro ɗan shekara biyu da wata takwas. Ta samu gurbin karatun aikin jinya, mijinta Malam Idi kuma yana aiki a sakatariya, babu mai riƙe musu shi.

"Gwaggo, ga yaron nan," ta ce, tana kallon randa.

"Ya sunansa?"

Ta sunkuyar da kai. Sai mijin ya ɗago murya daga zaure, "Walidi muke ce masa, Gwaggo. Sunan mahaifina ne da shi."

Na gane. Ɗan fari ne, ga shi kuma mai sunan suruki, kunya biyu ke nan a kan uwa ɗaya. Ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yi masa wasa a gaban mutane ba, ba za ta nuna ta damu da shi ba. Haka muka taso muka ga iyayenmu suna yi, ban ga abin mamaki ba.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yaron. Mako guda a hannuna ban ji kalma ɗaya daga bakinsa ba. Sa'o'insa suna ta "ba ni" da "ba na so", shi sai dai ya ja zanena ya nuna randa. Ga shi da wayo, don shi ne ya fara gane inda nake ɓoye ƙuli-ƙuli. Na gwada kunnensa irin gwajin Hajiya Dije: na zagaya bayansa can nesa na murza ledar biskit a hankali. Kafin in rufe hannu yana gabana. Duk da haka na sa uban ya kai shi asibiti aka duba, don ledar biskit ba likita ba ce. Suka ce kunne lafiya lau.

A nan na yi kuskuren da har yau in na tuna nake jin kunya. Kullum Rashida ta zo ɗaukarsa sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mu tafi," kamar da bango take. Ran nan abin ya ishe ni, a gaban wasu mata biyu na ce, "Ke wace irin uwa ce? Yaro ya yini bai gan ki ba, ko sannu ba za ki ce masa ba?" Ta ja hannunsa suka fita. Kwana uku ba su dawo ba. Sai a lokacin na tsaya na tuna abin da idona ya gani na ƙi karantawa: farcensa kullum a yanke, kununsa a tace sau biyu, rigar canji a ninke da ƙamshin turare. Kuma sau nawa ina hango gefen hijabinta a bayan ƙyaure da safe, ta yi kamar ta tafi, tana leƙen ko ya daina kuka.

Ranar Asabar bayan la'asar na yafa mayafi na tafi ba ta haƙuri. Gidan haya ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, ƙofar ƙarfe a rufe, maƙwabta kowa na bayan nasa bangon. Na same ta tana girki, Walidi na zaune a gindin ƙafarta yana riƙe da bakin zanenta. Na zauna kusan rabin awa. Ta ba shi ruwa, ta goge masa hanci, ta kawar da shi daga wuta, duk da hannu. Ban da ƙarar ludayi babu abin da ke motsi a gidan.

Sai na tuna gidanmu na Yalwawa, mu kusan talatin. Babban yayanmu ɗan fari ne, har innarmu ta rasu ba ta taɓa kiran sunansa ba, amma duk gidan babu mai surutunsa. Ina zai rasa magana? Kaka na tsokanarsa, gwaggo na yi masa waƙa, matan gida na aikensa, yara na faɗa da shi. Uwa ta yi kunyarta a tsanake, don akwai bakuna ashirin da ke yi mata aikin. Rashida ta ɗauko kunyar daga Taura cikakkiya, ta baro bakunan a can. Uban kuma ya fita tun safe, in ya dawo shi ma ɗan farinsa ne.

Na ba ta haƙuri, na gaya mata abin da na gani. Sai ta ajiye ludayin ta ce, "Gwaggo, Hajiya ta ce in Babbar Sallah ta zo bai yi magana ba, za ta riƙe shi a Taura." Hajiya ita ce uwar mijinta.

"Ke me kika ce?"

"Me zan ce? Ɗansu ne."

"Kina so ya tafi?"

Hawaye ne kawai suka zubo mata. Tausayinta ya kama ni ƙwarai, don ita wannan ko roƙo al'ada ba ta bar mata ba. Saura wata uku Sallah.

"To ki dinga yi masa magana," na ce. "Nan waye zai gan ki?"

"Wallahi na gwada, Gwaggo. Bakina ba ya iyawa. Ko mu biyu ne sai in ji kamar Hajiya na tsaye a kaina."

Ina zaune sai murfin tukunya ya fara rawa a kan wuta. Na nuna tukunyar na ce, "To ita wannan fa, surukarki ce?"

Ta dube ni, dariya ta kuɓuce mata cikin hawaye.

"Da ita za ki dinga yi. Ki gaya mata ga albasa kina yankawa, ga ruwa kin zuba. Ki tambaye ta me ya rage. In kin tambaya ki yi shiru kamar mai jiran amsa, ki ƙirga biyar a zuci. Shirun nan kada ki yi wasa da shi, a nan aikin yake. In kin gama da tukunya ki koma kan tsintsiya."

Bayan mako guda sai ga Malam Idi a zaurena da sassafe, hularsa a karkace.

"Gwaggo, akwai matsala. Jiya na dawo na tarar da ita tana tambayar tsintsiya ko ta gaji. Shekaranjiya buta take yi wa sannu. Ko in nemo malami ya yi mata addu'a?"

Na yi dariya har sai da na dafa bango. Da na yi masa bayani na ce, "Kai ma ba ka tsira ba. Kana da babur, ko? Duk ranar da za ka wanke shi ka zaunar da yaron kusa, ka yi wa babur ɗin bayanin duk abin da kake yi masa." Ya tafi yana girgiza kai, amma ya yi. Maƙwabcinsu ya ce mini ya ji shi yana ba taya haƙuri.

Ni ma a nan ban zauna ba. Na haɗa Walidi da wata yarinya Ummi, wadda bakinta ba ya hutawa sai in tana barci, kwanonsu ɗaya, tabarmarsu ɗaya. In ya ja zanena ya nuna randa, sai in tsuguna in ce, "Ruwa? Ruwa kake so, maigida?" in ɗan jira, sannan in ba shi. Ban taɓa hana shi don ya ƙi faɗa ba, wannan mugunta ce ba koyarwa ba. Kalmarsa ta farko a gidana ta fito ne wajen faɗa. Ummi ta fizge masa murfin tukunya, ya riƙe gam ya ce, "Nawa!" Na saki guɗa har yaran suka firgita. Rashida kuma ta zo mini da nata labarin tana rufe baki da hijabi: ta tambayi tukunya me ya rage, ta yi shirunta, sai ta ji daga ƙasa an ce, "Ishiri." Daga nan kalmomi suka fara zubowa, wake, babur, ruwa, a'a. Musamman a'a. Sai dai yana da ƙiwa, in ya ga baƙuwar fuska bakin nan sai ya koma ya kulle.

Saura kwana huɗu Sallah, da hantsi, sai ga Hajiya da kanta a gidana, ɗanta na biye da ita. Ba ta jira a kai mata shi ba, ta biyo motar safe daga Taura. Doguwar dattijuwa ce mai hannun noma, ta kawo mini tsarabar gero da kuka. Aka kira Rashida daga makaranta, ta zo ta durƙusa ta gaishe ta, ta koma gefen murhu ta tsaya, inda na ɗora wa yara shinkafa da wake.

Hajiya ta miƙa wa jikanta hannu. "Maigida, zo mana. Haka ake yi, mata ta zo tun daga Taura ko cefane babu?"

Walidi ya shige bayan zanena ya ƙanƙame ƙafata. Ta yi masa waƙa, ta nuna masa alewa, ta kira shi angonta. Ko uffan.

"Hajiya, wallahi yana magana," na ce. "Ƙiwa ce kawai."

"Gwaggo, ban ƙaryata ki ba, amma kunnena bai ji ba. Ni ba raba shi da kowa zan yi ba. Gidanmu da mutane, can bakinsa zai buɗe. A haɗo mini kayansa."

Abin haushin, ba ta yi ƙarya ba, don abin da na gano ke nan ni ma. Malam Idi ya kafa wa ƙasa ido, ba zai ja da mahaifiyarsa ba. Ni kuma mai reno ce, ba ni da hurumi a maganar dangi. Na ce a raina shi ke nan, wata uku sun tafi a banza.

Sai na ga Rashida ta tsuguna a gaban murhu, ta ba mu baya. Ta sa tsumma ta ɗaga murfin tukunyata, ta ce, "Tukunya, sannu da aiki. Yau me kika dafa mana?"

Ta yi shiru. Hajiya ta dube ni, ta dubi ɗanta. Ni kuwa ina ƙirgawa a zuci, ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Wake," aka ce daga bayan zanena.

"Wake da me, tukunya?"

"Kafa."

Ya saki ƙafata, ya taka ya je ya dafa kafaɗar uwarsa yana leƙen tururi.

"To tukunya, me ya rage?"

"Ishiri! Mai!" Sai ya ga hannunta ya matsa kusa da wuta, ya ja hijabinta da ƙarfi ya ce, "Umma, zafi! Bari!"

Can Hajiya ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta na girgiza, dariya take yi idonta na ruwa. Ta daɗe tana kallon Malam Idi, wanda shi ma ɗan farinta ne, kuma tunda suka shigo ban ji ta ce masa komai ba sai "wannan". Sannan ta tashi da ƙyar, ta je ta tsuguna a ɗaya gefen murhun. Ba ta kalli Rashida ba, tukunyar ta kalla.

"Tukunya," ta ce, "ki gaya wa ƙawar nan taki na ji. Ta riƙe abinta. Amma ran Sallah a kawo mini shi ya cika mini ɗaki da surutu."

Rashida ta sunkuyar da kai har goshinta ya kusa taɓa gwiwa. "Tukunya," ta ce a hankali, "ki ce na gode."

Ta yi shiru, don ta riga ta saba. Walidi ya dubi uwarsa, ya dubi kakarsa, ya ga babu mai amsawa, sai ya ce, "Gode."

Ranar shinkafar ta kama, yaran suka ci da ƙauri, babu wanda ya yi ƙorafi. Walidi yanzu yana sakandare, in ya zo gaishe ni sai na roƙe shi ya bar ni in sa baki. Har yau uwarsa ba ta kiran sunansa, kuma har yau ban ga abin da ya rage shi da shi ba.

Ku kuma 'yan matan nan masu takarda a leda, in har yanzu kuna son aikin, ku zo ran Litinin ƙarfe bakwai. Fo goma sha biyu na jiran ku a jikin bango. Takardar ku bar ta a gida, ba za ta ɓata ba. Ku dai zo da bakinku.